Hankalin Babba Ma Yana Girma

Mutane da yawa suna tsammani idan gemu ya fito, hankali ya gama girma ke nan. Jean Piaget, masani na ƙasar Suwizalan, ya kasa girman tunanin yaro hawa huɗu, na ƙarshe yana somawa wajen shekara 12. Amma a 1984 Michael Basseches na Amurka ya fid da littafi yana nuna akwai sauran hawa a gaba. Gindin maganarsa shi ne, babba ya iya riƙe ra'ayi biyu masu karo da juna, ya bincika abin da ya haifi kowanne da inda zai kai, kafin ya yanke shawara.

Waɗansu masu horar da shugabannin ma'aikatu suna bin wannan hanya. Ba su ba shugaba amsa, sai su yi ta yi masa tambaya har ya hango abin da abokin gardamarsa ya gani.

Ku dattawan ekklesiya, ku duba Ayyukan Manzanni sura 15. Bulus ya ƙi tafiya da Yohanna Markus domin ya taɓa barinsu a Bamfiliya. Barnaba kuwa ya nace a sāke gwada saurayin. Wa ke da gaskiya? A ganina dukansu biyu: aikin yana bukatar amintacce, saurayin kuma yana bukatar mai riƙe hannunsa. Suka rabu, ayari ɗaya ya zama biyu. Bayan shekaru, cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus da kansa ya roƙa a zo masa da wannan Markus ɗin.