Nutsewar Jirgin Derbyshire

A watan Satumba na 1980 wata gagarumar guguwa ta riski Derbyshire, jirgin dakon tama na Ingila, a bahar da ke kudu da Japan, ya nutse da mutum 44, ko kiran agaji bai samu yi ba. Mafi ɗacin musibar teku ita ce rashin kabari, domin babu gawar da za a yi wa sutura, balle makwancin da za a ziyarta. Iyalan mamatan suka dage da haƙuri har aka gano ɓaraguzan jirgin a 1994, kana binciken shekarar 2000 ya tabbatar igiyar ruwa ce ta karya murafen rumbunan kaya, ya wanke ma'aikatan daga zargin sakaci.