Koyon Aiki Da Nishaɗi: Ina Ɗalibi Zai Tsaya?

A kowace shekara dubban samari da 'yan mata suke barin gidajen iyayensu su nufi jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan. Da yawa daga cikinsu sai da uba ya sayar da hatsi ko ɗan sa kafin kuɗin makaranta su haɗu, saboda haka gargaɗin da ake sallamar yaro da shi a bakin tasha ɗaya ne, watau karatu ya kai shi, ba wasa ba. To, amma da zarar ya sauka sai ya tarar da filin ƙwallo, da ƙungiyoyin ɗalibai, da 'yancin da bai taɓa samu ba. Daga nan ne ake rabuwa: wani ya dulmuya cikin shagali, wani kuma ya kulle kansa a ɗaki yana haddar takarda. Dukansu biyu suna iya fitowa hannu rabbana.

Matsalar mai haddar takarda ba sabuwa ba ce. Tun farkon shekarun 1970 masu masana'antu suke kukan cewa ana kawo musu injiniyoyi masu takardar shaida waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba. Wannan ne ya sa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, ya fito da shirin SIWES a 1973. A ƙarƙashin shirin, ɗalibin kwalejin fasaha yakan yi wata 4 a wurin aiki bayan shekararsa ta farko, na jami'a kuwa galibi wata 6. Ana ba shi littafi da zai riƙa rubuta aikin da ya yi kowace rana, shugaban wurin ya sa hannu, malami kuma ya zo daga makaranta ya duba shi.

Abin takaici, akwai ɗaliban da suke ɗaukar waɗannan watanni a matsayin hutu. Sai su nemi ofishin ɗan'uwa, su leƙa jefi-jefi, a ƙarshe su cika littafin a dare ɗaya a buga musu hatimi. Irin wannan ɗalibi kansa ya cuta, domin ranar da aka tsayar da shi gaban injin da ya lalace, ko gonar da tsutsa ta kama, babu hatimin da zai fisshe shi.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa maganin wannan shi ne a hana ɗalibi nishaɗi. Tarihin Zariya ya isa misali. A 1958 wasu ɗaliban zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu ta kansu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. A aji Turawa suna koya musu zane irin na Turai, su kuwa a lokacin hutawarsu sai su taru su yi muhawara a kan zanen gargajiya na garuruwansu da yadda za a gwama shi da na zamani. Ba wanda ya ba su maki a kan wannan zama, kuma ba su bar zuwa aji saboda shi ba. Amma daga nan Okeke ya je ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Nsukka, Grillo ya yi haka a Kwalejin Fasaha ta Yaba, shi kuwa Nwoko ya shahara a tsara gine-gine har aka ba shi lambar Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya a 2023.

Haka kuma a tsakiyar shekarun 1970 jami'ar ta gina dandalin wasan kwaikwayo da jar ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, a Samaru. Ɗaliban sashen sukan shiga ƙauyukan da ke kewaye, su zauna da manoma su ji damuwarsu, sa'an nan su mayar da ita wasa da harshen Hausa. A nan wasa da koyon aiki sun zama abu guda. A fagen motsa jiki ma, tun 1966 aka soma gasar wasanni ta jami'o'in Nijeriya, NUGA, a Ibadan, domin shugabanni sun gane cewa ƙwaƙwalwar da ba ta hutawa ba ta riƙe karatu.

Masu iya magana sun ce ba a tauna taura biyu lokaci guda, amma ba su hana a tauna ɗaya bayan ɗaya ba. Ma'aunin da ɗalibi zai riƙe mai sauƙi ne. Lokacin ɗakin gwaje-gwaje da na makera da watannin koyon aiki ba a taɓa su, domin darasin da aka rubuta ana iya aron littafin aboki a kwafa, amma abin da hannu bai yi ba babu wanda zai ara masa. Bayan wannan, ya zaɓi abu guda da ransa yake so, ko ƙwallo, ko muhawara, ko jaridar ɗalibai, ya ba shi yammaci ɗaya ko biyu a mako. Alamar nishaɗi mai kyau ita ce mutum ya wayi gari da ƙarfin komawa aiki. Wanda yake cinye kuɗin abinci, ya hana barci, ya jawo faɗuwa jarrabawa, wannan ya wuce nishaɗi ya zama ɓarna.

Su ma iyaye akwai nasu. Idan yaro ya dawo hutu, kada tambaya ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa kaɗai. A tambaye shi abin da hannunsa ya iya yi bana wanda bai iya ba bara, a kuma tambaye shi su wa yake zama da su bayan an tashi daga aji. Amsoshin nan biyu su ne za su nuna ko san da aka sayar ya tafi a banza.