Ƙungiyoyin da ke tallafa wa masu fara sana'a: ina rabon ɗan kasuwar shanu?

'Yan'uwa, tambaya guda ce ke yawan zuwa mana, galibi daga samarin da suka gaji da kora wa wasu shanu suna so su tsaya da ƙafafunsu: wai ƙungiyoyin nan da ake ji a rediyo suna ba masu fara sana'a jari, da mu a ciki? Amsa ita ce e, amma ƙofofin ba iri ɗaya ba ne.

Wadda ta fi suna ita ce gidauniyar Tony Elumelu, attajirin nan na Nijeriya. A 2015 ta soma shirinta da alkawarin dalar Amurka miliyan 100 cikin shekara 10, don mutum 10,000 daga ƙasashen Afirka 54. Wanda aka zaɓa ana ba shi horo, sannan a ba shi dala 5,000, watau kusan miliyan 3 na sefa. Kyauta ce, ba bashi ba. A 2019 ta haɗa hannu da hukumar PNUD don samarin ƙasashen Sahel, har da Nijar da Cadi da Kamaru. Miliyan 3 ba ta cika tirela, kowa ya sani. Amma ta isa mutum ya ɗaure bijimai kaɗan a turke, ya sayi dusa da harawa da angurya tun da kaka suna da araha, ya sayar gab da salla.

Sai dai fa ba a gaban sarkin kara ake neman wannan kuɗi ba. Ta intanet ake cika takarda, kuma abin da suke son gani shi ne lissafi: nawa ka saya, nawa dabba ta ci, nawa ka ba dillali la'ada, nawa ya tafi wajen mota da likitan dabbobi da duwan, me ya rage. Nan ne mu mutanen kara muke faɗuwa. Akwai dattijon da zai gaya maka kuɗin san da ya sayar shekara biyar baya, har da launinsa, amma bai taɓa sa alƙalami a takarda ba. Mu mun yarda da shi. Wanda ke zaune a ofis a Legas bai san shi ba, takarda kawai yake gani.

A Yamai akwai cibiyar CIPMEN da aka buɗe a 2014. Aikinta rainon ƙananan kamfanoni: wurin aiki, shawara, da haɗa mutum da masu kuɗi. Ta fi dacewa da mai sarrafa kaya, kamar mai kilishi ko mai nono da ke son sa kayansa a leda da suna, ba mai saye a Abalak ya sayar a Maraɗi ba. Shi kuwa shirin PRAPS, da Bankin Duniya ya soma a 2015 a ƙasashe 6 tare da hukumar CILSS, ba ya raba jari a kara. Kasuwanni da rijiyoyi da wuraren allurar dabbobi ya fi ginawa. Muna amfana, amma ba ta aljihu ba.

A ganinmu abin da ya fi kusa da mu a gida aka haife shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata su haɗu, kowane mako kowace ta zuba abin da aka yanke, a riƙa ranta wa juna daga asusun, ƙarshen zagaye a raba. Ba kuɗin Turawa a ciki, koyarwa kawai aka kawo, kuma yau ana bin tsarin a ƙasashe da dama. Raguna nawa aka yi kiwo da wannan kuɗi! Ba abin da ya hana samari goma a kara ɗaya su yi haka. Littafin asusun nan kuwa, in an riƙe shi shekara biyu, shi ne shaidar da manyan ƙungiyoyi ke nema.

To, sai maganar wanda kasuwarsa ta buɗe da sauri. Shi ya fi kowa zama cikin haɗari, ko da yake ba ya gani. Mai shanu biyar hannu da hannu yake ciniki. Ranar da ya kai ga cika mota zuwa kudu, mahauta bashi za su ɗauka, sai sun yanka sun sayar su biya. Kafin nan ga makiyayan da ya ɗauki shanunsu suna jira, ga mai mota. In naira aka biya shi, ta faɗi kafin ya canza, kamar yadda muka gani a 2023, ribar ta tafi a hannun 'yan canji. A baki yana da riba, a aljihu babu ko dala. Irin wannan mutum ba ƙarin jari ya fi buƙata ba, sai wanda zai zauna da shi a raba uwar kuɗi da riba, a yanke iyakar bashin da zai bayar. Wannan shawara ita ce mafi amfanin abin da cibiyoyin nan ke bayarwa, ita ce kuma aka fi rainawa.

Masu gudun kuɗin ruwa su tambaya tun farko: kyauta ce, rance ne, ko haɗin jari ne a raba riba? Kada a sa hannu kafin an ji amsa.

Wanda ya yi niyya ya sayi littafi ya soma rubutu daga kasuwar wannan mako, ya kuma nemi rajistar kasuwanci da lambar haraji. A Nijar ana yin su a Maison de l'Entreprise. Gidauniyar Elumelu ta saba buɗe karɓar takardu ranar 1 ga Janairu, kuma ba a biyan ko tamma. Duk wanda ya zo kara ya ce a ba shi jika biyar ya sa sunanka, ku kai maganarsa wurin shugabannin ƙungiya.