Labarin Ƙasar Suwidin Da Allon Lantarki A Ajin Yara Ƙanana

Yau ga labarin wata ƙasa ta arewacin Turai da ake kira Suwidin, da abin da ya auku tsakaninta da allon lantarki, watau 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai fuskar gilashi wadda ake taɓawa da yatsa.

Bari mu fara bayyana yadda ake aiki da shi a aji ɗaya na elementare. Yaro yakan taɓa harafi, sai allon ya faɗa masa sautinsa. In an yi masa tambaya ya amsa, nan take za a gaya masa ko ya dace ko ya kuskure. Sa'an nan allon ya aika da lissafin amsoshinsa ta intanet zuwa ga malami. Ta haka malami zai san wane ne ya wuce, wane ne kuma harafi kaza ya tsaya masa, tun ba a tashi daga aji ba. Lalle wannan fa'ida ce babba.

Mutanen Suwidin, da yake su mawadata ne, suka rungumi abin hannu biyu-biyu. A 2017 gwamnatinsu ta tsara shirin cika makarantu da waɗannan kayan aiki. A 2019 kuwa aka wajabta su har a makarantun renon yara waɗanda ba su kai shekara shida ba. A ajujuwa da dama littafi ya ja baya, alƙalami ya yi ƙura.

Ana nan sai aka fito da sakamakon wata jarrabawar karatu ta ƙasashen duniya, mai suna PIRLS, wadda ake yi wa 'yan aji huɗu bayan kowace shekara biyar. A 2016 yaran Suwidin sun sami maki 555, amma a 2021 suka sauko 544. Gaskiya ne ko da haka suna cikin na gaba-gaba, kuma masana sun ce annobar korona da yawan yara baƙi masu wani harshen ma suna da hannu a ciki. Amma fa hankalin hukuma ya tashi.

A 2023 ministar makarantu ta wannan lokaci, Lotta Edholm, ta ce an yi gaggawa, an ɗora wa yara abin da ba a jarraba sosai ba. Masanan Karolinska, babbar makarantar likitanci ta ƙasar, su ma suka rubuta cewa ilmi ya fi zama ta hanyar littafin takarda da bakin malami. Gwamnati ta ware kurona miliyan 685 a wannan shekara domin sayen littattafai, ta kuma ɗauki hanyar janye tilas ɗin nan da aka yi wa makarantun reno.

Mene ne hujjarsu? Na farko, yaron da ya zana harafi da hannunsa ya fi riƙe siffarsa bisa ga wanda ya danna shi kurum. Duk malamin da ya taɓa kama hannun yaro bisa allo ya san wannan. Na biyu, allon lantarki yana da ƙofofi da yawa: ga wasa, ga hoto, ga waƙa, hankalin yaro kuwa kamar tsuntsu yake.

Kada mai karatu ya zaci sun zubar da kwamfuta baki ɗaya. A'a, matsayinta suka sake. Suka ce yaro ya fara ƙwarewa da karatu da rubutu da lissafi tukuna, na'ura ta biyo baya, malami ne kuma zai yanke lokacin ɗaukarta da lokacin ajiye ta.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Attajiri ba ya biyan kuɗin dila sai ya kwance ta ya duba. Saboda haka duk uban da aka ce ya saya wa ɗansa irin wannan allo, ya tambaya: minti nawa yaro zai riƙe shi a yini? Wa zai zauna kusa da shi? Zai kuma ci gaba da rubutu da hannunsa? In an amsa waɗannan da kyau, a saya. In ba haka ba, a fara da littafi da fensir.