Mai na'urar zuciya a ƙirji ya sanar da likita kafin tiyata ko hoton IRM

'Yan'uwa, a cikin iyayenmu da ke Garwa, Marwa da Ngaundare akwai waɗanda aka dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fatar ƙirji. Galibi a kudancin Kamaru ake yin wannan aiki, a manyan asibitocin Duwala da Yawunde, ko cibiyar zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009. Bayan an dawo gida, wani ciwon daban kan kai mutum asibiti a Garwa, gaban likitan da bai san abin da ke ƙirjinsa ba. Haɗarin daga nan yake farawa.

Na'urar iri biyu ce. Ta farko tana aika wa zuciya ɗan ƙaramin lantarki idan bugunta ya yi jinkiri. A ƙasar Suwidin aka fara dasa ta a jikin mutum a 1958. Ta biyu tana gadin zuciya, idan bugu ya rikice irin rikicewar da ke kisa sai ta girgiza ta da lantarki mai ƙarfi. Dukkansu an ƙera su yadda za su ji maganaɗisu. Idan maganaɗisu ya kusanci ta farko, sai ta daina sauraron zuciya, ta riƙa bugawa da lissafi ɗaya, yawanci tsakanin 85 da 100 a minti gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Ta biyun kuwa tana dakatar da girgizar ceton rai muddin maganaɗisun na kanta.

Da gangan aka yi haka, domin amfanin likitoci. A ɗakin tiyata ana amfani da wuƙar lantarki wajen yanka da tsayar da jini. Na'urar tana iya ɗaukar wannan lantarki a matsayin bugun zuciya, ta farko ta tsaya da aiki, ta biyu ta girgiza mara lafiya ba dalili. Saboda haka likitan da ya sani yakan ɗora maganaɗisu a kan na'urar, ko ya sauya tsarinta da kwamfuta kafin aiki, ya mayar bayan an gama. Wanda ba a gaya masa ba, ba zai yi wannan shiri ba.

Sai hoton da ake kira IRM a asibitocinmu, MRI a Najeriya. Injinsa babban maganaɗisu ne, yana iya ɗumama wayar da ke cikin zuciya ko ya rikita na'urar. Tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urorin da ke jure wannan hoto, amma da sharaɗin likitan zuciya ya duba irin na'urar da wayarta, ya saita ta kafin shiga. Hoton ƙirji na yau da kullum da sikanin ciki ba su da wannan matsala.

A gida ma a kula. A bar tazarar santimita 15 tsakanin wayar hannu da na'urar, kada a sa waya a aljihun gaban riga, a saurara da kunnen da ke ɗaya ɓangaren. A nisanci sarƙa da abin wuya masu maganaɗisu da ake tallarsu da sunan magani. Alhazan da ke tashi daga filin jirgin Garwa su nuna katin na'urar ga jami'an bincike, su roƙi kada a tsayar da sandar bincike a kan ƙirjinsu.

Wannan kati, mai ɗauke da sunan kamfani da ranar dasawa, ya zauna tare da katin shaida. A sanar da mata da 'ya'ya da mai jinya inda yake, domin wanda aka kai asibiti a sume ba ya iya magana. Ɗalibai su ɗauki hotonsa a waya don iyayensu. Jiki amana ce, ɓoye wa likita abin da ke cikinsa kuwa sakaci ne da amanar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.