Charles Mingus da Muryar Bes

A kiɗan jaz na Amurka akwai abin kiɗan da ake kira bes. Kamar ƙaton goge yake, mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai na mutum, a tsaye ake jingina shi a jiki ana kaɗawa da yatsu. A da, aikinsa kawai ya riƙe wa sauran makaɗa taki daga can baya. Charles Mingus bai yarda da wannan zaman 'yan rakiya ba.

An haife shi a 1922 a Nogales ta jihar Arizona, ya tashi a unguwar Watts ta Los Angeles. Ya koyi calo, wani goge da bai kai bes girma ba, sai aka nuna masa cewa baƙar fata ba ya samun gurbi a manyan ƙungiyoyin kiɗan Turawa, don haka ya koma bes. Sai dai kunnensa tun yana yaro ya cika da waƙoƙin cocin da matar babansa ke kai shi, inda ake tafi, jagora ya ba da waƙa jama'a su amsa. Wannan bai taɓa barin kiɗansa ba.

Mai son gane hannunsa ya saurari farkon kiɗansa "Haitian Fight Song" na 1957. Bes ne kaɗai ke magana. Yana fizgar tsirkiya da ƙarfi har ka ji ta bugi katako, ya zame yatsa a kanta sauti ya lanƙwasa kamar nishin mutum, ya yi shiru, ya dawo. Sai can ya kafa taki, makaɗan busa su shigo ɗaya bayan ɗaya, kiɗa ya yi ta kumbura har ya zama hayaniya mai tsari. Da bes ɗin yake tuƙa ƙungiyar: ya hanzarta, ya ja birki, wani lokaci ya kwatsa ihu. Sau da yawa ba ya ba yaransa kiɗa a rubuce. Rera musu yake yi ko ya buga a fiyano su haddace, don kowa ya busa da muryarsa.

Bakinsa kuma ba ya shiru kan wariyar launin fata. A faifan "Mingus Ah Um" na 1959 ya yi wa gwamnan Arkansas, Orval Faubus, zambo, saboda tura sojoji da ya yi a 1957 su hana ɗalibai baƙar fata tara shiga wata makarantar Little Rock.

Mutum ne mai zafin rai, wannan ba a ɓoye yake ba. A 1953 Duke Ellington, gwanin da yake ƙauna, ya sallame shi daga ƙungiyarsa bayan rigima da wani abokin aiki, kuma a 1962 ya naushi mai busa masa, Jimmy Knepper, a baki. Gwaninta ba ta wanke wannan.

Ciwon shanyewar jijiyoyi ya raba shi da bes, ya rasu a Meziko a 1979. Shekara goma bayan haka aka gabatar da "Epitaph", dogon tsararren kiɗansa na sama da awa biyu, a cike karon farko a New York.