Me ya sa ake son kowane ɗalibin likita ya san ilimin ƙashi?

A masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, mutumin da ya faɗo daga babur ya karye da wuya ya fara haɗuwa da ƙwararren likitan ƙashi.

Galibi wanda zai fara duba shi ma'aikacin lafiya ne a asibitin ƙauye, ko sabon likita a asibitin Daura, in ma ba a wuce da shi wurin maɗori ba.

Abin da wannan ma'aikaci ya koya a makaranta shi ne sau da yawa ke yanke hukunci ko majinyacin zai tsira da ƙafarsa.

Giɓin da aka gano

Masana sun daɗe suna kokawa cewa makarantun likitanci ba sa ba ilimin ƙashi da gaɓoɓi da tsoka lokacin da ya kamace shi.

A shekarar 1998, likitoci biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Freedman da Bernstein, sun yi wa sababbin likitoci 85 jarrabawa mai tambayoyi 25 a kan tushen wannan fanni. Kashi 82 cikin ɗari sun faɗi.

Irin wannan damuwa na cikin dalilan da suka sa aka ware shekarun 2000 zuwa 2010 domin wayar da kai kan cututtukan ƙashi da gaɓoɓi, tare da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin biliyan 1.7 ne ke fama da irin waɗannan larurori, kuma ciwon baya ne kan gaba wajen nakasa mutane a ƙasashe 160.

Abin da ake koyarwa

Darasi na farko shi ne duba majinyaci da ido da hannu tun kafin a nemi hoton ƙashi. Likitan Birtaniya Alan Apley ya taƙaita shi cikin matakai uku: a duba, a taɓa, a motsa.

Ana kuma koya wa ɗalibi bambance targaɗe da gocewar ƙashi da karaya, da yadda ake ɗaure gaɓa ba tare da an matse ta ba.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Gaɓar da ta karye takan kumbura, kuma idan ɗauri ya yi tsauri jini ba ya gudana. Cikin 'yan sa'o'i nama kan fara mutuwa, daga nan sai ruɓewa, sai yanke gaɓar.

Alamomin da ake son ɗalibi ya riƙe su ne zafin da ya wuce misali, da sanyin yatsu, da sauyin launinsu, da rashin jin taɓawa. Da zarar an gansu sai a kwance ɗaurin, a tura majinyaci gaba.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin darasi: masu ciwon sikila kan gamu da ƙwayoyin cuta a cikin ƙashi, ko lalacewar ƙashin ƙugu. Yaron da ke ɗingishi da zazzaɓi bai kamata a sallame shi da maganin maleriya kawai ba.

Daga Daura zuwa Dala

A garin Daura akwai makarantar koyon aikin lafiya ta jihar Katsina, inda ake horas da waɗanda ke riƙe ƙananan asibitocin karkara. A shekarar 2019 kuma aka buɗe asibitin sojojin sama a garin.

Sai dai idan rauni ya yi tsanani, asibitin da jama'a suka fi sani shi ne na ƙashi da ke Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Can ake horas da ƙwararrun likitocin ƙashi da ma'aikatan jinya na fannin.

Horas da ƙwararre na ɗaukar lokaci: shekara shida a jami'a, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan wasu shekaru biyar zuwa shida na ƙwarewa. Don haka ba za a iya jiran kowace ƙaramar hukuma ta samu nata ba.

Batun maɗora

Jama'a na zuwa wurin masu ɗori ne saboda kusanci, da sauƙin kuɗi, da kuma tsoron cewa a asibiti yanke ƙafa ake yi.

Likitoci na cewa akasarin wannan yankewa na biyo bayan jinkiri ne, domin ba a kai majinyaci sai gaɓar ta riga ta ruɓe.

Shi ya sa wasu malaman likitanci ke ganin ya kamata ɗalibi ya koyi yi wa iyalan majinyaci bayani da harshen da suke ji, ya kuma zauna da maɗora su fahimci karayar da ta fi ƙarfinsu, musamman wadda ƙashi ya huda fata, domin su aika da ita asibiti tun da wuri.